Shekarar da Muka Yi Binne a Basawa

Bana ruwa ya makara. Tun wani yayyafi da aka yi, wanda ya ta da ƙamshin ƙasa ya sa kowa ya fiddo fartanya, sama ta kama bakinta. Shekaranjiya 'yata Hadiza ta kira ni daga Kaduna, ta ce, "Baba, kada ka shuka geron nan naka tukuna. Wayata ta ce sai mako mai zuwa." Makon jiya ma haka wayar ta ce. Na ce mata to. Da muka yi sallama sai na zauna a gindin darbejiya da ƙullin irin a cinyata, na tuna wata shekara da ni ne aka mayar wayar gidanmu.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ce. Ina ajin farko a jami'a a Samaru, ina karanta tarihi. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanimu, shi ya ɗauke ni ya riƙe a Sabon Gari. Ran Juma'a da yamma nakan hau tsohon kekensa in koma gida, ran Lahadi in juyo.

Kawu ba manomi ba ne. A tashar jirgin ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa, sai da ya ajiye aiki ya ga fansho ba zai riƙe gida ba, sannan ya samu wata gona a wajen Basawa, rabinta tudu, rabinta ya gangara kwari. Ya saba da abin da ke da lokacin isowa. Ko jirgi ya makara, akwai wanda zai buga waya daga tashar baya ya ce ga inda yake. Haka ya ɗauki damina.

A madafin matarsa, Inna Kande, akwai ɗauri uku na zangarniyar gero rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Iri ne. Da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, Kawu ya sa aka sauko da ɗauri ɗaya, aka shuka. Ya tsiro gwanin kyau, ya yi kunne, sai rana ta tsaya a kansa har ya koma kamar zaren buhu. Aka sake samun ruwa, aka sauko da na biyu. Wannan ko kunnen kirki bai yi ba. Saura ɗaya.

Zafin shekarar nan ban sake jin irinsa ba. Da hantsi kwalta takan yi laushi, tayar keke ta riƙa barin sawu a hanyar Samaru. Rijiyar gidanmu ta koma kwarfa, ka zura guga ka jira, ka jawo rabin ƙwarya na ruwa ja. Famfon unguwa kuwa tari kawai yake yi, bokitai sun yi layi har bakin masallaci, kowa ya san nasa. Mutanen arewa suna ta saukowa da shanun da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A kasuwa hatsi ya yi tsadar da mata sukan tambayi kuɗin mudu su yi dariya su wuce. An fita roƙon ruwa, an juya riguna, an dawo da ƙura a goshi.

A gida tuwo ya koma na dare kaɗai, daga baya ya koma fate, daga baya faten ya koma rama da ruwa da tsaki kaɗan yana yawo a ciki. Inna tana goyon Asabe a lokacin. Yarinyar takan kama nono ta tsotsa ta saki, ta yi wani kuka mara ƙarfi kamar na mage.

Ni kuwa a Samaru ana ba mu shinkafa da nama, ran Lahadi har kaza. Wannan abu ya rikita ni ƙwarai. In na ci, faten gida nake tunawa. In na ƙi ci, babu wanda ya ƙoshi a Sabon Gari saboda haka. Sai na koma ɓoye burodi da dafaffen ƙwai a aljihun jaka, in kai wa Inna in ajiye a bakin randa in wuce.

Wata Asabar da safe Kawu ya kira ni zaure.

"Lawal, ba a Samarun nan taku ake da masu auna ruwan sama ba?"

"Akwai, Kawu. A can gonar gwaji."

"Madalla. Ka je ka tambayo mana ranar da zai sauka, saukar gaske. Sau biyu na yi da kaina na ƙone iri. Na ukun nan ba da kaina zan yi ba."

Na ce, "Kawu, ni fa tarihi nake karantawa."

"Tarihi ba labarin abin da ya faru ba ne? Ruwa bai taɓa faruwa ba?"

Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga murya. "Malam, ka ƙyale yaron nan. Wannan da ko gishiri aka aike shi sai ya tsaya tunanin wanda ya haƙo shi."

"Shi ya sa na zaɓe shi," in ji Kawu. "Ba ya gaggawa."

Ban iya musu da babba ba, ko yanzu ban iya sosai ba. Na ce to.

Na fara da abin da na sani, wato laburare. Na nemo littattafan da aka rubuta ruwan shekarun baya, na bi su shekara bayan shekara, ina neman wata ƙa'ida da ta ɓuya. Wata shekarar ya zo da wuri ya zauna. Wata ya zo da wuri ya gudu. Wata ya makara ya yi albarka, wata ya makara ya tafi da wuri. Duk abin da na ce shi ne ƙa'ida, shafi na gaba sai ya ƙaryata ni. Daga ƙarshe na tattara ƙarfin hali na je gonar gwajin. Sai da na wuce ƙofar ofishin na dawo, na sake wucewa, kafin na iya yin sallama. Wani dattijo mai gajeren wando na kaki ya saurare ni har na gama in'ina, sannan ya nuna mini wani mazurari a kan kwalba, a tsakiyar fili.

"Samari, mu wanda ya sauko muke aunawa. Wanda ke sama ba ya shiga kwalbarmu."

"Amma a ganinka, ranka ya daɗe?"

Ya share zufa da hularsa. "A ganina? Nawa irin yana gida. Kullum matata sai ta tambaye ni abin da ka tambaye ni."

Da na koma gida Kawu ya tare ni tun ban jingine keke ba. Na ce suna kan dubawa. Mako na gaba ma haka na ce.

Ga jarrabawa ta matso. In na buɗe littafi, gona nake gani. In na je gona, takardar jarrabawa nake gani. Ina Samaru hankalina yana Sabon Gari, ina Sabon Gari hankalina yana wata ranar da ba ta zo ba, ranar da zan ce a shuka ya ƙone, ko in ce a jira ruwa ya wuce mu. Na shuka geron nan a cikin kaina ya fi sau ɗari, kuma kowane karo sai ya mutu. Har salla ta gagare ni. Ina kabbara sai lissafi ya ɗauke ni, in farka a tsaye ban san ko raka'a ta biyu nake ko ta uku ba. Kusan kowace salla sai na yi sujadar gyara. Kawu ya lura. Ya ce, "Kai sallarka duk faci ce, kamar tayar kekena."

Juma'ar da abin ya zo ƙarshe, na shigo gida na tarar da ɗaurin zangarniyar a ƙasa, a kan faifai, a tsakar gida. Inna tana zaune gabansa da Asabe a cinya. Kawu yana tsaye. Maƙwabciyarmu, Mama Rifkatu, tana bakin ƙofar madafi da hannu a ƙugu. Mutuniyar kudancin Zariya ce, mijinta soja ne da bai dawo daga yaƙi ba, gonarta tana iyaka da tamu.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na gaji da dafa ganye a ƙarƙashin hatsi. Kullum in na ɗaga kai yana kallona. Ko ƙasa ta ci, ko yarinyar nan ta sha kunu. Amma ba zai koma sama ba."

Kawu ya juyo gare ni. "To, ga ɗan Samaru. Me suka ce?"

Na dubi faifan, na dubi ƙafafuna. Na ji muryata ta fito ƙarama.

"Ban sani ba, Kawu. Su ma ba su sani ba."

"Duk Samarun?"

"Duk."

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ashe wannan jirgin babu mai buga waya a kansa," in ji shi.

Mama Rifkatu ce ta kawo maganar binne. Ta ce, "Baban Asabe, a garinmu ba ma yi, don ruwa ba ya yi mana rowa. Amma baƙin nan na arewa da suka sauka bayan bariki, na ga suna zuba iri a busasshiyar ƙasa su rufe. Wai in ruwa ya zo ya tarar da shi a shirye."

"In tururuwa ta riga ruwan fa?" in ji Kawu. "In zabi suka tone? In aka yi ɗan yayyafi ya ruɗe shi ya tsiro, rana ta gama da shi?"

"In ka bar shi a faifai kuma fa?"

"Ke kin san zai yi?"

"Ni? Wallahi ban sani ba. Jami'a ma ta ce ba ta sani ba, sai ni Rifkatu?"

Inna ta yi dariya, karo na farko a cikin makonni. Ta kwantar da yarinyar, ta jawo faifan ta fara murje zangarniyar da tafin hannu. Da ta gama ta ɗebi tafi biyu ta zuba a ƙoƙo, ta ce na kunun Asabe ne. Sauran ta ƙulle a tsumma ta miƙo mini, ba Kawu ba. Har yau ban san dalili ba.

Da asuba muka fita mu uku. Kawu da Mama Rifkatu suna gaba da sungumi, suna tafiya suna sara, ni ina biye da ƙoƙon iri. Aikina shi ne in tsunkuli gero in jefa a rami in rufe da dunduniya. An yi da Mama Rifkatu cewa in mun gama tamu, washegari mu koma tata.

Ta waiwayo ta ga takalmina. "Ɗan makaranta, cire wannan abin. Da shi za ka rufe rami? Ƙasa ba ta cizo."

Na cire. Da farko ƙwayoyin nake ƙirgawa, don kada wani rami ya fi wani. Suka yi mini nisa. Kawu ya daka mini tsawa daga can gaba: "Kai! Ba jarrabawa ba ce! Tsunkula ka jefa!"

Na tsunkula na jefa. Ƙasar da sanyin safiya laushi gare ta kamar gari, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Da rana ta ɗaga sai ta fara cizon da aka ce ba ta yi. Dunduniyata ta yi ja, zufa tana shiga idona, bayana ya ƙage. Kaina yana ta aikinsa na kullum: wannan ramin tururuwa ce za ta ci, wannan zai ruɓe, ga tambayar daular Borno da ban karanta ba. Amma rami ba ya jira. Kafin in gama wani tunani, wani ramin ya iso gabana da bakinsa a buɗe. In na bi tunanin sai in zuba iri a gefe, in tsaya in tsince. Sai na riƙa sakin tunanin a tsakiya don in kama ramin.

Ban san lokacin da abin ya faru ba. Na dai lura cewa ina jin ƙarar sungumi biyu, ɗaya na bin ɗaya. Ina jin santsin gero a yatsuna, da ɗan nauyin ƙoƙon yana raguwa. Wata kurciya tana kuka a tsamiyar bakin gona. Mama Rifkatu tana rera wata waƙar coci a hanci. Na ga inuwata ta taƙaice ta dawo ƙarƙashina. Yunwa tana nan, zafi yana nan, sama fara fat babu ko gizagizai. Amma surutun nan da ya yi watanni a cikin kaina babu shi. Na neme shi ma, kamar yadda harshe ke neman haƙorin da aka cire. Babu kowa a wurin sai ni da rami da dunduniya.

Su masu sara sun riga ni gamawa, har Kawu ya yi azahar ya miƙe a gindin tsamiya. Da na rufe ramin ƙarshe a can kwari, na juya ƙoƙon na kaɗe, na zo na tarar ruwan goran saura kurɓi. Kawu ya ce in sha in yi taimama. Na buga tafina a kan ƙasar gonar, na shafa fuska. Na shimfiɗa tsumman da aka ƙullo irin, na kabbara.

Da na kai goshina ƙasa, zafinta ya ratso tsumman. Na tuna cewa duk abin da gidanmu ya mallaka yana kwance a ƙarƙashin wannan ƙasa, kuma babu sauran abin da zan iya yi masa. Na zaci tsoro zai zo. Bai zo ba. Na ji kowace kalma da nake faɗa kamar yau na fara jin ta. Ban roƙi ruwa ba ma, na manta. Na yi raka'a huɗu, na san ta ɗaya, na san ta biyu, na san kowacce tana wucewa.

Da na sallame, Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Yau babu faci?"

Na ce babu.

"Ikon Allah. Ashe rana ke gyara ka."

A hanyar komawa ina tura keke ina tambayar kaina: gajiya ce? Yunwa ce ta sa kaina ya yi fayau? Ko wannan ne abin da malamai ke kira natsuwa, wanda na sha karantawa ban taɓa sanin yana da ɗanɗano ba? Kafin mu kai kasuwar Sabon Gari na lura na koma tunani a kan rashin tunanin, surutun ya dawo ya zauna a wurinsa. Sai dai yanzu na san yana iya tashi.

Ina cikin ɗakin jarrabawa aka fara ruwa. Na ji digo a kan kwano, ɗaya, ɗaya, sannan da ɗan yawa. Duk ɗalibai suka ɗaga kai. Na riƙe alƙalami ban san addu'ar da zan yi ba. In ce ya ƙaru? In ce ya tsaya tun bai jiƙa irin ba? Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. Na zauna ina shaƙarsa, ina sauraron kwanon, har digon ya yi ƙasa ya ɗauke. Yayyafin da Kawu ke tsoro ne, ba kuskure. Na sunkuya na ci gaba da amsa tambayar da ke gabana, hankalina a kwance. Wannan ma ya ba ni mamaki.

Ruwan gaske bai zo ba sai bayan kwanaki masu tsawo. Da ya zo, ya zo da iska, ya cire kwanon makewayinmu, Inna ta fito da duk wani abu mai baki ta tara, tana dariya tana zagin Kawu don ya tsaya cikin ruwa da rigarsa ta zuwa masallaci. Da muka je gona, tudun duk ya tafi. Yayyafin ya tashe shi, rana ta kashe. Kawu ya bi layi yana tona ramuka da yatsa yana fiddo tsiron da ya bushe. Amma a kwari, inda ƙasa ta riƙe ɗan sanyi, ga shi nan layi-layi, kore, bai fi tsawon yatsa ba. Mama Rifkatu ta durƙusa ta yi godiya da yarenta. Nata ma kusan haka ya yi.

Abin da muka girbe bai kai mu wata kaka ba, sai da aka haɗa da garin rogo da haƙuri. Amma Asabe ta sha kunu har ta yi kumatu, yanzu haka jikokinta sun fi nawa yawa. Kuma kafin a taɓa ko zangarniya ɗaya, Inna ta zaɓi manya-manyan ta ɗaure, ta hau turmi da kanta ta rataye a saman murhu.

Na yi shekaru ina neman abin da ya same ni a gonar nan. Na neme shi a littattafai, na tambayi malamai, wani ya ce kaza ne, wani ya ce ba kaza ba ne. Yakan zo jefi-jefi, ba ya sallama, ina wanke buta ko ina ɗaure igiyar akuya. In na ce bari in riƙe shi, ya tafi. Sallata har yau takan samu faci.

Ɗazu da hantsi na ɗauki ƙullin irin na zaga filin bayan gida. Sama fara fat. Na sara ramukan da ƙyar, don bayana ba irin na da ba ne. Ina cire takalmi na ji waya tana ƙara a kan kujera, a gindin darbejiya. Na san Hadiza ce, na san kuma abin da za ta ce. Zan kira ta in na gama. Na tsunkuli gero na jefa, na ɗora dunduniya. Ƙasar da zafi.